Fayafayan Kawu a Shagon Guga

Dogo mai guga bai taɓa ƙona rigar mutum ba. Da wannan yake tinƙaho, kuma ba ƙarya yake yi ba. Shekara talatin da 'yan kai yana tsaye bayan tebur ɗaya, cikin shago ɗaya mai rufin kwano, tsakanin mai facin taya da wani mai aski da bakinsa ba ya hutawa. Da dutsen gawayi ya fara, daga baya ya sayi na lantarki, amma bai yar da na gawayin ba, don wutar unguwarsu baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwanta. In ya ɗaga dutse ya kawo shi kusa da kumatunsa, ya san ko na shadda ne zafin ko na siliki. Yadin da ba ya son wuta kuwa, sai ya shimfiɗa masa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ya bi shi a hankali kamar mai lallashin jariri. A ganinsa babu abin da zai yamutse a duniyar nan da hannunsa ba zai miƙar ba. Irin wannan yarda da kai ita ke kai gwani rami.

Teburin nan da dutsen farko, Kawu ne ya saya masa. Dogo yana shekara shida uwarsa ta rasu, uban bai cika shekara ba ya bi ta, sai wan uwar ya zo ya ɗauke shi a gaban babbar motar da yake tuƙawa. Kawu bai sami haihuwa ba, matarsa ma ba ta yi tsawon rai ba. Abu biyu ya tara a duniya, Dogo da fayafayan garmaho. Duk garin da ya sauke kaya, sauran direbobi su nufi inda suke nufa, shi sai ya nufi shagon faifai. In ya dawo gida ya yi wanka, sai ya buɗe garmahonsa mai akwatin katako, ya zaro faifai da gefen tafin hannu, ya share shi da wani ƙyalle mai laushi da ko hanci ba a yarda a goge da shi ba. Yaro ba ya taɓawa. Dogo yakan zauna bakin ƙofa yana jiran a gama a ba shi tsaraba, kiɗan na shiga ta wannan kunne yana fita ta wancan.

Da idon Kawu ya fara hazo aka karɓe motar. Garmahon ya riga ya mutu, ya ba wani mai tara tsoffin ƙarafa. Ya saki ɗakin haya zai koma wurin wata ƙanwarsa a wani gari, sai ya kira Dogo ya danƙa masa kwali ɗaya, faifai arba'in da uku a ciki. Ya ce a ajiye su a tsaye, kada a kwantar, kada a ɗora musu komai, kuma inda babu zafi. Sau uku ya faɗa. Dogo ya ce to, sau uku.

Ya kai kwalin gida, matarsa ta ce ɗaki biyu da yara biyar, ina za ta sa shi da ba za a mayar da shi mota ba? Gaskiyarta. Sai ya kai shago, wai na kwana biyu, ya tura shi kan katakon da ke can sama, tsakaninsa da kwanon rufi bai fi taƙi ɗaya ba, daidai saman teburin guga. Kwalin bai shiga a tsaye ba, sai ya kwantar da shi a karkace. Daga baya kayan da masu su suka manta ba su karɓa ba suka fara hawa kai. Rana ta dafa daga sama, dutse ya dafa daga ƙasa. Kwana biyu ya zama shekara tara.

Sai ƙanwar nan ta rasu, aka kawo Kawu gidan Dogo, ido ya tafi gaba ɗaya. Manyan yara sun tashi, aka gyara masa ƙaramin ɗaki mai taga. A kwana na uku, yana shan shayin safe, ya juyo da kunnensa inda Dogo yake.

"Ajiyata tana nan?"

"Tana nan, Kawu, lafiyarta ƙalau."

Bakin ne ya riga ido. Washegari ya taka kujera ya sauko da kwalin, ya buɗe, sai da ya nemi wuri ya zauna. Na sama sun tanƙware kamar busasshen ganye. Na tsakiya sun yi tudu da kwari. Na ƙasa ne kaɗai da ɗan dama-dama, su ma in ka ɗora a tebur sai su riƙa rawa.

Da wani ne, da ya ɗauki kwalin ya je ya durƙusa ya faɗi gaskiya, a yi masa faɗan yini ɗaya a wuce wurin. Amma Dogo mai guga ne, ya ga abu ya yamutse. Ya zaro na can sama, wanda ya fi kowanne lanƙwasa, cikin wata jar takarda da aka liƙe kusurwarta da filasta. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa shi ne a sama ba. Ai abin da mutum ya fi ji shi yake sakawa ƙarshe. Ya shimfiɗa shi kan bargon tebur, ya rufa masa jiƙaƙƙen ƙyalle, ya auna zafi a kumatu, zafin siliki, ya bi shi a hankali. Faifai ya kwanta sumul. Har ya yi murmushi. Da ya ɗaga ƙyallen sai ya ga zanen nan siriri da ke zagaye faifan ya shafe, saƙar yadi ta zauna a madadinsa, takardar tsakiya mai sunan mawaƙi ta bi ƙyallen ta zama dagwalo. Ɗaya fuskar kuma ta kwashe gashin bargo. Garin neman gira ya rasa ido.

Ya cusa shi ƙarƙashin sauran, ya sauke kwalin ƙasa bayan buhun gawayi. Yanzu da babu sauran abin da zafi zai ɓata ne ya tuna da inuwa.

Da yamma ya ce wa Kawu ai faifai sai da abin juya shi, kuma garmaho a zamanin nan ya yi wuya, ya yi tsada, amma zai nemo mai sauƙin kuɗi mai nagarta. Kawu ya ce ba gaggawa, a nemo mai kyau. Da wannan kalma Dogo ya sami rumfar da zai fake.

Akwai wani mai gyaran rediyo a layin masu kayan wuta da kowa ke ce wa Injiniya, gajere, mai tabarau ɗaure da zare, shagonsa cike da gawarwakin akwatunan talabijin. Shi kaɗai ya rage a wajen da ke taɓa garmaho. Dogo ya fara zuwa wurinsa duk ranar da ba ya buɗe shago, Injiniya kuma da ma yana neman kunnen da zai zuba wa iliminsa. Ya nuna masa sababbin da ake kawowa, masu kamar jakar tafiya da lasifika a jiki. Ya ce su ne suka fi araha, ka saya yau ka ji kiɗa yau, sai dai hannunsu mai riƙe da allura nauyi gare shi kuma ba a rage masa, allurar tana noma faifai tana ci. Dogo ya dawo gida ya ba da labari da fuskar tausayi, ya ce shi dai ba zai bari wani abin roba ya cinye fayafayan Kawu ba. Kawu ya sa masa albarka. Dogo ya ce amin, ya tashi ya fita.

Mako ya bi mako. An kawo wani na gwanjo, murya na ja a cikinsa kamar ta mashayi. Injiniya ya ce bel ɗin da ke juya farantin ne ya saki, abin da bai kai kuɗin gugar riga biyu ba. Dogo ya ce abin da ya fara da gyara da gyara zai ƙare. An kawo wani lafiyayye, amma shi kaɗai ba ya magana sai an haɗa shi da akwatin ƙara sauti, amfilifaya, da lasifika biyu, ya ce wannan ai gida za a saya masa. Wani an daina yin allurarsa. Wani gudu ɗaya ya sani, na manyan fayafai, alhali Kawu yana da ƙanana masu son gudu da sauri. Kafin wata shida Dogo ya zama malamin garmaho. Ya san a duba ko allura na cirewa a sake wata, ya san ƙarfen da ke bayan hannu shi ke rage nauyi, ya san a juya farantin da yatsa a kasa kunne ko yana gurnani. Har Injiniya kan tura masa masu saye ya ba su shawara, kuma shawarar tana da kyau. Mutum uku suka sayi garmaho a bakinsa, shi bai saya ba.

A wata na bakwai aka kawo wanda ba shi da makusa. Na gwanjo ne amma bai sha wuya ba, sabon bel, allurar da ake samu ko'ina, ƙarfen nauyi a baya, gudu biyu, kuma ana iya haɗa shi da rediyon gida kai tsaye. Kuɗinsa bai fi ƙarfin Dogo ba. Ya zagaye shi sau biyu, zufa na karyo masa, sai Allah ya taimake shi ya ga murfin ya ɗan tsage a kusurwa.

Injiniya ya sauke tabarau. "Murfi za ka saurara ko faifai?"

"Ƙura za ta shiga."

"Dogo, na ga masu taya kaya iri-iri. Akwai mai so ba kuɗi, akwai mai kuɗi ba so. Kai kana da kuɗi, kuma in ka ga mai kyau sai ka yi kamar ka ga maciji. Kawo mini faifai ɗaya mu gwada mana. Wata bakwai ban ga ko ɗaya ba. Anya akwai Kawun nan?"

Dogo ya yi dariyar yaƙe ya ce rana ta yi, ya tafi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A gida kuwa Kawu yana zaune bakin taga, yatsunsa na buga gwiwa. Da farko yakan jira rahoton mako kamar labaran rediyo, har ya riƙa gardama a kan bel da allura. Sau biyu ya ce a kawo masa kwalin ko taɓawa ya yi, Dogo ya ce jikoki na zuwa, shago ya fi tsaro. Da damina ta yi tsakiya ƙirji ya kama tsohon, aka kwantar da shi asibiti kwana goma sha biyu. Dogo na zaune kan benci a baranda sai ya kama zuciyarsa tana raya masa cewa in Kawu bai tashi ba, ai maganar kwali ta mutu. Ya tashi ya shiga banɗaki ya wanke fuska, ya daɗe bai fito ba. Tun daga ranar in ya shiga shagon mai aski ba ya ɗaga ido ya dubi madubi.

Kawu ya tashi, a rame, wuya kamar mariƙin lema. Bai ƙara tambayar garmaho ba. In Dogo ya fara rahoto sai ya ce, "Allah ya sa a dace," ya juya fuska wajen taga.

Matar Dogo tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi daga firjin da ke tsakar gida, kuma macen da ta yi shekara ashirin da takwas da namiji ta san tarinsa na mura ta san na ƙarya. Ba ta san me yake ɓoyewa ba, ta ɗauka maƙo ne. Rannan da hantsi ta ɗaure kuɗin ƙanƙararta a bakin zane, ta tambayi hanya har shagon Injiniya, ta ce a ba ta wanda za a iya saye a kuma ji kiɗa. Ya ɗauko mai tsagaggen murfi, ya ce wata huɗu yana ajiye da shi don ya san gidan da zai je. Ya koya mata inda za ta cusa waya da yadda za ta sauke hannun ba tare da ta jefa shi ba. Ta kai gida ta haɗa, sannan ta wuce shagon guga da rana tsaka, abin da ba ta saba ba.

"Baban yara, ɗauko kwalin Kawu. Na sayo."

Dutse na hannunsa. Ya ajiye shi kan ƙarfensa, ya janye buhun gawayi, ya buɗe mata. Ta ɗaga ɗaya ta duba, ta ɗaga na biyu. Da ya zaro mai jar takarda ya faɗi abin da ya yi masa, ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce ta gode Allah da ba a taɓa ba shi ajiyar tsohuwa mai tamoji a fuska ba. Shi bai yi dariya ba, ita ma ba don dariya ta faɗa ba. Ya ce ko za ta fara yi wa Kawu shimfiɗar magana. Ta ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa, ita nata ɗaukar kwali ne, kuma ko shi ba za ta ɗauka ba.

Shi ya ɗauko a ka, ta tsakiyar titi, dogon mutum da furfura, maƙwabta na yi masa sannu.

Ya dire kwalin gaban Kawu ya durƙusa. Bai kai ga buɗe baki ba tsohon ya ji ƙanshin tsohuwar takarda, ya miƙa hannu ya zaro ɗaya da gefen tafi, yadda ya saba. Yatsansa ya bi bakin faifan, ya hau tudu ya gangara kwari. Ya ajiye, ya zaro wani. Ya zaro na uku. Dogo ya fara magana, ya faɗi katakon sama da kwanon rufi da kayan da aka jibga. Kawu bai katse shi ba. Da Dogo ya gama sai tsohon ya ce, "Ba ni mai filasta."

Dogo ya miƙa masa. Kawu ya shafa fuskar faifan da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Ya kai shi hanci.

"Guga ka yi masa."

"Na yi, Kawu."

Kafaɗun tsohon suka motsa kamar zai yi dariya, dariyar ba ta fito ba. "Yaushe?"

"Washegarin ranar da ka tambaya."

Kawu ya ƙirga a yatsu, a hankali, har goma sha ɗaya. "Faifai roba ne, ɗan nan. Zafi ya taɓa shi ya lanƙwashe, na yarda, ni ma ga ni na lanƙwashe. Amma wata goma sha ɗaya ka zaunar da ni ina jiran bel da allura. Kai kana da watanni a gaba, kana iya zubar da su. Ni nawa kake ganin suka rage mini da za ka ɗebi goma sha ɗaya?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

Kawu ya miƙa faifan gefen da ya ji numfashin matar. "'Yata, saka shi."

Ta ɗora, ta sauke hannun yadda aka koya mata. Allura ba ta sami hanyar bi ba, ta zame shuu daga baki har tsakiya ta tsaya tana ƙarta. Kawu ya ce, "To, ya gama," ya ce a kawo na gaba.

Har la'asar suna gwadawa, ita tana sakawa, shi yana saurare, Dogo na durƙushe ba wanda ya ce ya tashi. Waɗansu suna jefar da allura tun a zagayen farko. Waɗansu hannun na hawa yana sauka kamar kwalekwale a ruwa, muryar na ɗan lilo, amma tana fita. Goma sha huɗu suka yi magana. Da na farkonsu ya kama, wani kiɗan busa mai sanyi ya cika ƙaramin ɗakin, Kawu ya jingina da bango ya rufe idon da da ma ba ya gani. Matar ta fita tsakar gida wai za ta duba firji.

Dogo ya jira kwana uku sannan ya tambayi sunan mawaƙin da ke kan mai filasta, ya ce zai bi masu tsoffin fayafai ko Allah zai sa a sami irinsa. Kawu ya ce ya gode, ya gaji da jira. Ya sake tambaya bayan mako, aka ba shi amsa ɗaya. Ba gaba Kawu yake yi da shi ba. Yana amsa gaisuwa, yana sa riga in an goge masa, ranar da ya ji daɗi har ya tambayi labarin mai aski. Amma garmaho matar ce ke sakawa, in ba ta nan sai a jira ta, ko da Dogo na zaune a ɗakin hannu biyu ba aiki.

Ita ce ta lura cewa in kiɗa ya ƙare, kafin ta zo ta juya faifai, tsohon yakan rera wata 'yar waƙa a hanci, amo ɗaya kullum, wanda babu shi a cikin goma sha huɗun nan. Ta faɗa wa mijinta tana tsame ƙanƙara, ba ta ko dube shi ba. Bai buƙaci a ce masa na mai filasta ne ba.

Yanzu Dogo yana rufe shago da wuri. In ya iso gida ba ya shiga, sai ya raɓe jikin bango ƙarƙashin tagar Kawu da takalmi a hannu, yana jiran faifai ya ƙare. In amon ya zo sai ya riƙe shi a baki, ya yi ta maimaitawa a hanya kada ya zube. Ranar hutu yakan bi rumfunan masu tsoffin kaya ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya gaban mai rumfa ya gyara murya ya rera. Muryar Dogo kuwa ko akuya ba za ta kira ba. Waɗansu su yi dariya, waɗansu su ce ya sake, su kira maƙwabci ya zo ya ji. Wani tsoho a can ƙarshen layi ya saurara har sau biyu, ya ce kamar ya taɓa jin farkon, amma sai ya kawo masa abin da ke biye. Abin da ke biye kuwa Kawu bai taɓa kaiwa wurin ba, nan yake tsayawa kullum ya yi tari ya kira a juya masa faifai.